Filin Kimiyya: Fumfunar Da Ke Gadin Daji

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A wannan mako filin namu ya leƙa dazuzzukan Jamus da Poland da Italiya, inda wani dogon itace mai ganye kamar allura, wanda ake kira sifurus, yake ba Turawa katako da takarda.

Itacen nan yana da abokin gaba, watau ƙudan zarto. Ƙwaro ne ɗan dangin zanzaro, kuma macen tana da ɗan zarto a ƙarshen cikinta wanda take tsaga ganye da shi ta saka ƙwai. Tsutsotsin wani irinsa sukan yi saƙa a reshe, su cinye ganye har itace ya koma tsirara. In sun ƙoshi sai su faɗo su shige ƙasa, su kwanta har shekara 2 ko 3 kafin su fito da fiffike.

To, a cikin ƙasar nan ne ajalinsu yake jiransu. Akwai wata fumfuna mai suna Beauveria bassiana, wadda aka raɗa wa sunan Agostino Bassi, mutumin Italiya da ya nuna a 1835 cewa ita ke kashe tsutsar siliki. Ƙwayarta takan manne a fatar tsutsa, ta tsiro, ta huda, ta bazu cikin jiki. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta mutu, farin gari ya lulluɓe gawar, daga nan kuma sababbin ƙwayoyi su watsu su kama na kusa.

Amma fa mai gadin nan yana da sharaɗi: sai da laima yake aiki sosai. In ƙasa ta bushe, ƙarfinsa ya ragu. Kazalika ba ya da gaggawa, shi ya sa ma'aikacin daji mai son ganin gawa nan take yakan gwammace fesa guba, alhali kuwa guba ba ta bambanta ƙwaro mai ɓarna da mai amfani.

Batun bushewar nan a yaƙi da fara aka shawo kansa. A 1989 aka fara wani shiri mai suna LUBILOSA, masana suka ɗauki wata fumfuna, Metarhizium, da aka samu a jikin fara a Jamhuriyar Nijar, suka dama ƙwayoyinta cikin mai maimakon ruwa. Da haka ta iya aiki har a busasshiyar ƙasar Sahel. Maganin da ya fito shi ne Green Muscle, wanda ke kashe fara cikin mako 1 zuwa 3, ya bar tsuntsaye da ƙudan zuma.

Saboda haka, mai katako a Turai da mai gero a Sahel darasinsu ɗaya ne: a sa ido tun ƙwari suna ƙanana, a ba fumfuna lokaci, a ajiye guba sai ta zama dole. Allah Ya kai mu mako mai zuwa.