RA'AYINMU: Mu Ke Kawo Kayan Miya, Don Me Iyalanmu Ke Cin Dagwalo?

'Yan uwa mazauna Legas, duk wanda ya taɓa sammako zuwa kasuwar Mile 12 ya san daga inda tumatir da attaruhu da tattasai da albasar garin nan ke fitowa. Manoman Kano da Kaduna da Sakkwato da Filato ne ke noma su, direbobinmu ke cinye tafiyar kimanin kilomita 1,000 da su, 'yan dakonmu ke sauke su, dillalanmu ke sayarwa. A shekarar 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da masu safarar abinci suka tsayar da motoci na 'yan kwanaki, kowa a Kudu ya ji a tukunyarsa.

Abin takaici shi ne, idan ka leƙa tukwanen gidajenmu a Agege ko Idi-Araba ko Ketu, sau da yawa abin da za ka tarar shi ne dagwalo, wato fasasshen tumatir da ya fara ruɓewa, wanda ake sayarwa da araha bayan masu hali sun kwashe mai kyau. Yara kuma su wuni da taliyar leda da lemon kwalba. Ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗi cewa akwai funfunar da ke barin guba a abinci, wadda tafasawa ba ta kashe ta, kuma tana cutar da hanta a hankali. Hukumar NAFDAC ma ta yi ta jan kunne a kan wake da aka zuba wa maganin ƙwari da ayabar da aka nunar da sinadarin kabaid. Talakan birni ne ke fara cin waɗannan, domin su ne kuɗinsa ke iya saye.

Mun san ba ganganci ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mai cefanen kullum da ɗan abin da ya samu a ranar, kashi-kashi yake saye, kuma mai sayen kashi ya fi mai sayen kwando biyan tsada. A nan ne matsalar take, a nan ne kuma maganinta yake.

Muna yaba wa matan da suka fara haɗa kuɗin cefane a wasu layukanmu, kamar yadda suka saba yin adashi. Tsarin ba shi da wuya. Gida goma ko goma sha biyu su tara kuɗin mako, a wakilta mutum biyu su je kasuwa da asuba lokacin da ake sauke kaya, su sayi kwando guda mai kyau da buhun albasa, a dawo a raba a gaban kowa. Kuɗin mota ɗaya ne, ribar 'yan tsakiya ta fita, kuma kowa ya ga abin da kuɗinsa ya saya. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka shi ne rashin rubutu. A samu littafi, a rubuta wanda ya bayar da wanda ya karɓa, a karanta a fili duk mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu da yawa ma sai da amana.

Haka kuma a lura da lokaci. Tumatir na sauka idan amfanin noman rani ya shigo, daga wajen Janairu zuwa Maris, ya yi tsada da damina. Haɗakar da ta yi tanadin busasshen tumatir da kuɓewa da kuka tun suna araha ba za ta nemi dagwalo a watan Yuni ba. Wanda ke da ɗan sarari a bayan ɗaki, tsohon buhu ko bokiti da ƙasa mai taki sun isa su fitar da alayyafo ko rama. Dillalanmu kuma su duba batun akwatunan roba a maimakon kwandunan da ake jibgawa kan juna, domin tun a hanya ake farfasa kayan da daga baya ake turo wa talaka.

Sai batun haƙƙi. Sashe na 16 na tsarin mulkin ƙasa ya ɗora wa gwamnati tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu isasshen abinci, kuma gyaran da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ƙara ambaton haƙƙin samun abinci ƙarara. Gaskiya ne wannan babi ba a cika iya kai ƙara kotu a kansa ba, amma sashe na 42, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asalin jiharsa, yana da haƙora. Gwamnatin Legas ta buɗe kasuwar kayan gona ta Idi-Oro a Mushin a ƙarshen 2023, ta kuma yi kasuwannin rangwame na Ounje Eko a 2024, inda aka rage kashi 25 cikin ɗari a ranakun Lahadi. An yi waɗannan da harajin mazauna jihar ne, kuma muna cikin masu biya. Kada wani ya zauna a gida yana cewa ba don mu aka yi ba. Kowa ya yanki katin zama na LASRRA, domin wanda ba a ƙidaya shi ba, ba a yin kasafi da shi.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da masu unguwanni su zauna da kansiloli, su nemi a kawo irin waɗannan shirye-shirye kusa da unguwanninmu, a kuma riƙa sanar da su da Hausa. Su jawo maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo cikin haɗakar cefane, tun da tsadar ba ta tambayar garin da mutum ya fito. Kowane layi ya kawo sunan wakilansa biyu ofishin sakatare kafin taron wata mai zuwa. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.