Ƙunzugun Jariri: Wa Zai Wanke?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, yau maganata a kan abin da malamai ba su saba rubutu a kansa ba ce, wato ƙunzugun jariri. Kada ka yi dariya. Wata huɗu ke nan da Allah Ya azurta ni da 'yar fari, kuma wannan al'amari ya hana ni sakat.

Tun kafin haihuwa na yi alwashin famfas ba zai shigo gidana ba. Dalilina kuwa, duk damina ina ganin abin da ke toshe kwatar layinmu. In samari suka fito yasa, bayan ledar fiya wata, abin da suka fi zaƙulowa shi ne famfas, ya kumbura suntum. Bayansa leda ce, cikinsa kuma akwai wani gari mai shanye ruwa ya riƙe, shi ya sa ƙasa ba ta cin sa. In an ƙona, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yara. In an kai bola, manoman kewayen Kano da suka daɗe suna sayen shara don taki su kwashe shi zuwa gona. Ga kuma najasar da ke ciki, wadda ruwan sama kan ja har rijiya marar murfi. Hanyar amai da gudawa ke nan.

Yi lissafi da kanka. Sabon jariri kan ɓata takwas zuwa goma a rana. Ko mu bar shi a shida, cikin shekara biyu ya kai 4,380. Yaro ɗaya fa!

To, sai na sayo nafkin dozin biyu, ina jin kaina. Kwana arba'in ɗin jego komai lafiya, domin gwaggona na nan tana wanki. Da ta koma gida, sai gaskiya ta yi halinta. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da maiɗakina a bakin baho, hannunta duk ya tsattsage. Ta ce, "Malam, kai kana karantarwa, ni ina wankewa. Ruwan ma ya ƙare."

Na rasa amsa. Famfon unguwarmu ya daɗe da ƙafewa, a wurin ɗan garuwa muke saye. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, masu rijiyar burtsatse da ke jan ruwa da janareto suka ƙara kuɗi, jarka ta tashi. Ga sabulu, ga gawayin tafasa ruwa. Gawayin nan kuwa bishiya ce aka sare a wani daji, ashe ni ma ban kuɓuta daga ɓarnar da nake gudu ba. A watan Agusta nafkin kan kwana biyu a igiya bai bushe ba, in an sa shi da damshi cinyar yarinya ta saɓule.

Abin da na fahimta shi ne, mu maza muna da saurin yanke hukunci a kan aikin da ba mu ke yin sa ba. Matar da ta tashi sau uku cikin dare, in ta ɗauko famfas, ba lalaci ba ne. Wanda ya ce sai nafkin, to ruwa da sabulu na cikin nafaƙar da ke wuyansa, in ya cika namiji ma ya naɗe hannun riga. Gwamnati kuma, na ji daɗi da Legas ta hana robar zuba abinci ta kumfa a 2024, Ruwanda ma ta hana leda tun 2008. Amma duk mai son talaka ya koma nafkin, ya fara kawo masa ruwan famfo.

Ga inda muka tsaya a gidana. Da rana nafkin, da dare ko ranar zuwa asibiti famfas. Abin da muke saye ya ragu sosai. Wanda aka cire kuma a kakkaɓe kashin a masai, a naɗe, a ƙulle, a kai inda motar REMASAB ke kwashewa. Da yarinya ta fara zama za mu koma ga dabarar iyayenmu ta ɗora yaro a kan fo da sassafe.

Ku kuma ɗalibai, na san ku ake aika zubar da shara bayan magariba, kuma na san inda wasunku ke jefawa in ba mai kallo. Daga tagar ajina ana hangen kwatar.

Jiya bayan asuba na wanke nafkin goma sha ɗaya. Ina cikin shanya maƙwabcina ya yi sallama ya shigo aron tsani, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, ya miƙo mini ɗaya gefen igiyar.