Mu gyara yadda muke magana da masu ciwon suga

Jama'a, yau ina so mu yi maganar irin kalaman da muke jefa wa masu ciwon suga, a gida da asibiti.

An gwada bawan Allah, suga ya hau. Abu na farko da zai ji shi ne, "Malam, me ka ci kuma? Kai dai ba ka jin magana." A gida kuwa sai ka ji ana cewa, "Baba, kwaɗayi ne zai kashe ka." Wallahi wannan bai dace ba.

Da farko ma, zargin bai da tushe. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sau da yawa tun mutum yana yaro. Laifin me yaron ya yi? A nau'i na biyu akwai gado da shekaru, ban da abinci da nauyin jiki. Wata kuma sai ta samu juna biyu yake bayyana. Ko wanda ke kiyaye doka tsaf, zazzaɓi ko damuwa ko rashin barci na iya ɗaga masa suga. Ga tsadar magani da tsinken gwaji. Wani bai ƙi shan magani ba, kuɗin ne suka ƙare.

Kun san abin da faɗa ke haifarwa? Ɓoyo. Mutum ya fara yi wa likita ƙarya kan abin da ya ci, ya daina zuwa asibiti, ya koma wajen mai tallan magani a mota, wanda zai tarbe shi da fara'a. Ɗan ciwo ya fito a ƙafa, ya rufe da safa don kada a ce "ai mun faɗa maka." Kafin a ankara ana maganar yanke ƙafa.

Shi ya sa ƙungiyar masu ciwon suga ta Ostireliya ta fitar da matsaya kan kalamai tun 2011, hukumar lafiya ta Ingila ma ta fitar da nata jagoran a 2018. Sun gane harshe yana cikin jinya.

A ganina gyaran ba wuya. Maimakon "ka karya doka," ka ce, "Baba, me ya ba ka wahala a makon nan?" Maimakon "sakamakonka bai yi kyau ba," ka ce, "Ya hau, mu duba dalili tare." In likita ya hana Hajiya azumi, kada a bi ta da kallo ko habaici. Sannan a daina sa ido a kwanon mutum a wajen biki.

Ban ce a ɓoye gaskiya ba. Ciwon nan yana taɓa ido da ƙoda da zuciya, dole a faɗa. Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda aka mutunta shi ke dawowa asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.