Zoben da ke cikin tayar Humvee: wa ya dace ya yanke shi?

A Amurka akwai wata kasuwa da ta ginu a kan ragowar kayan soja. Idan rundunar ƙasar ta yi gwanjon tsofaffin ƙafafun Humvee, motar da kamfanin AM General yake ƙera mata tun shekarun 1980, masu wasan hawa duwatsu da mota sukan yi rububin sayensu, domin ramukan notinsu takwas sun dace da na manyan akori-kura da yawa na Chevrolet da Dodge. Abin da mutum kan fara yi bayan ya kai su gareji shi ne ya warware rim ɗin, ya zaro zoben da ke ciki, ya sa masa zarto. Wannan yanka yana da hujja, amma hujjar ba ta kowa ba ce.

Taya tana zama a kan rim ne saboda iskar da ke cikinta tana tura leɓunanta biyu su manne da bakin ƙarfe. Mai tuƙi a kan yashi ko dutse kuwa yakan rage iskar da gangan, daga kusan fam 30 zuwa ƙasa da fam 10, don tayar ta baje ta kama ƙasa. Da zarar iskar ta yi ƙasa haka, leɓen zai iya zamewa, iskar ta fice gaba ɗaya. Rim ɗin Humvee mai inci 16.5 ya fi saurin yin haka, domin ba shi da ɗan tudun nan da ke tare leɓen taya a rim na yau da kullum. Shi ya sa aka ƙera shi gida biyu da ake haɗawa da notuna 8 ko 12 ko 24, aka kuma sa zobe a tsakiya wanda ke danne leɓunan biyu daga ciki. Wannan shi ne bidlok.

Zoben yana da aiki na biyu. Tsakiyarsa ta taso sama kamar ƙaramar taya a cikin babba, ta yadda idan harsashi ko ƙusa ta sace iskar, nauyin motar zai sauka a kansa. An tsara shi ya ɗauki motar tafiyar mil 30 a gudun mil 30 cikin sa'a, wato kimanin kilomita 48. Akan sa wani irin maiƙo a cikin tayar don rage zafin gogayya a lokacin. Wannan tudun na tsakiya shi ake yankewa, a bar gindin da ke riƙe leɓe, wasu ma su maye gurbin zoben baki ɗaya da yankakken bututun PVC.

Masu yankan sun san abin da suke yi. Zoben yana da nauyi, kuma nauyin da ke juyawa a ƙafa ya fi wahalar da birki da akis. Yana sa haɗa taya ya zama aikin gumi. Mafi muhimmanci, idan an rage iska sosai, cikin tayar yakan taɓa tudun kafin ta gama lanƙwasa a kan dutse, har ya iya matse ta ya yaga ta daga ciki. Ga wanda ya ɗora motarsa a tirela zuwa Moab a jihar Utah, ko hanyar Rubicon a Kalifoniya, yana tare da abokai, da safaya da injin busa iska, tudun bai tsinana masa komai ba. Ya yanke abinsa.

Kuskuren yana farawa ne inda aka mayar da dabarar masu wasa ta zama shawara ga kowa. Mai tafiya shi kaɗai a hamada, ko direban motar da tsayawarta a hanya haɗari ne, bai sayi zoben don jin daɗin tuƙi ba. Ya saye shi ne don kilomita 48 ɗin nan da ke tsakaninsa da taimako. Bututun PVC zai riƙe leɓe, amma ba zai ɗauki nauyin mota ba. Tambayar da ta kamata a yi kafin a ɗauki zarto ita ce: idan taya biyu suka yi faci lokaci guda, safaya kuma ɗaya ce, wa zai zo, kuma bayan awa nawa? Ba a fafe gora ranar tafiya. A gareji ake amsa wannan tambaya.

Shi kansa aikin yana da nasa haɗarin. Tsofaffin zobban na ƙarfen maganiziyam ne, wanda garinsa ke kama wuta cikin sauƙi, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Kwance notunan rim mai gida biyu alhali da sauran iska a ciki na iya sa ƙarfen ya yi tsalle da ƙarfin da zai kashe mutum, don haka sai an cire ƙwayar bawul an tabbatar iska ta ƙare. Faɗin gindin da aka bari dole ya dace da kaurin leɓen sabuwar tayar: in ya gaza, ba zai danne ba, in ya zarce, gidajen rim ɗin ba za su haɗu su matse zoben roba mai hana yoyon iska ba.

Akwai kuma batun amana. Daga waje ba a bambanta ƙafar da aka yanke zobenta da wadda ba a taɓa ba. Waɗannan ƙafafun suna yawo daga hannu zuwa hannu, kuma mai saye na uku zai iya fita da imanin cewa yana da kariyar da aka riga aka jefar a kwandon shara. Wanda ya yanke zobe yana da 'yancin yin haka da kayansa, amma haƙƙi ne a kansa ya rubuta a jikin rim ɗin, ya kuma faɗa wa mai saye kafin a yi ciniki.