Tamale: Kafin a kafa kyamara a bakin titi, wa zai kafa mata doka?

Duk wanda ya tsaya da safe ƙarƙashin gadar saman Tamale, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022, zai ga yadda babura, kekuna masu ƙafa uku da ake kira "yellow yellow" da manyan motocin kaya ke gogayya a titi ɗaya. Babbar hanyar N10, wadda ta taso daga Kumasi ta nufi Paga a iyakar Burkina Faso, ta tsakiyar garin ta ratsa. A ƙasar da haɗarin mota ke cin rayuka sama da 2,000 kowace shekara, babu mai hankalin da zai ƙi a sa ido kan masu tuƙin ganganci. Abin tambaya shi ne: wa ke da ikon kafa wannan ido, a ina, kuma ina abin da ya gani yake tafiya?

Yadda tsarin yake

A 2023 rundunar 'yan sandan Ghana, ƙarƙashin Sufeto Janar na lokacin George Akuffo Dampare, ta gabatar da tsarin Traffitech-GH. Kyamarori da na'urorin auna gudu ne ke ɗaukar hoton motar da ta wuce ƙa'ida ko ta keta jar danja. Daga nan sai a nemo mai motar ta lambarta a rajistar hukumar DVLA, a tura masa saƙon waya ɗauke da wuri, lokaci, laifi da kuɗin tara, a ba shi kwana 14 ya biya.

Amfanin a fili yake. Na'ura ba ta karɓar na goro, ba ta san ɗan wane ba. Sai dai ita ma tana buƙatar doka ta tsaya mata. Ƙa'idojin hanya na 2012, wato L.I. 2180, an rubuta su ne lokacin da ɗan sanda ke tare direba ido da ido. Gyaran da aka kai majalisar dokoki a 2024 kuwa janye shi aka yi a watan Yulin shekarar, bayan jama'a sun yi ca a kan sashen da ya ba ministoci da 'yan majalisa damar amfani da jiniya. Wato rigimar jiniyar manya ta ja wa batun tsaron ran talaka jinkiri.

Turke ɗaya, iyayen gida barkatai

Turken kyamara guda a wata mahaɗa ta Tamale ya shafi hukumomi da dama. Babbar hanya ta hukumar manyan hanyoyin ƙasa ce. Titunan cikin gari da danjoji na sashen hanyoyin birane ne. Kama mai laifi aikin 'yan sandan MTTD ne, daidaita harkar kiyaye haɗurra kuma na hukumar NRSA da dokar 2019 ta kafa. Ban da su, akwai dubban kyamarorin tsaro da gwamnati ta kafa a faɗin ƙasar ƙarƙashin shirin Alpha tare da kamfanin Huawei. Mai wucewa ba ya iya bambance kyamarar da ke auna gudu da wadda ke kallon fuska.

Ina majalisar birnin Tamale a cikin wannan jeri? Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba ta ikon tsara gari, ba da izinin gini da yin dokokin cikin gida, muddin ba su ci karo da na ƙasa ba. Mai son kafa allon talla ko ajiye shagon kwantena a bakin titi sai ya nemi izininta. Bai dace na'urar da ke ɗaukar hoton dubban mutane kullum ta fi allon talla sauƙin kafawa ba.

Tana ganin lamba, ba ta ganin direba

Nan ne batun ya fi shafar mutanen Zango da baƙin da ke ratsa garin. A nan arewa babur kan wuce hannu uku ko huɗu, takardunsa na nan da sunan wanda ya fara saye. Mai keke ya ba yaro haya, yaron ya ba abokinsa ya yi masa 'yan awanni. Idan saƙon tara ya fita, wayar wa zai faɗa? Ta mutumin da ya sayar da babur ɗin shekara biyar da suka wuce, ko layin da aka daɗe da yarwa. Kwana 14 su cika, wanda ya yi laifin bai sani ba, wanda aka tura wa saƙon kuma bai yi laifi ba. Ga shi saƙon da Turanci zai zo, a garin da cinikin kasuwar Aboabo ke gudana da Dagbanci da Hausa.

Motar albasa daga Galmi ko tirelar da ta ɗauko kaya daga tashar Tema zuwa Wagadugu ko Yamai kuwa, lambarta ba ta cikin rajistar DVLA. Idan ba a fayyace yadda za a bi da ita ba, ɗayan biyu ne: ko ta wuce salin alin ɗan gari ya biya shi kaɗai, ko a koma tare ta a shinge, inda ciniki ke maye gurbin doka. Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, direbobin Sahel ba sa buƙatar ƙarin wata ƙofar tatsa.

Hoton kuma, na wa ne?

Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta wajabta wa mai tattara bayanan mutane ya bayyana dalili, kada ya riƙe su fiye da buƙata, ya kuma yi rajista da hukumar kare bayanai. Amma dokar ta yi sassauci a kan tsaron ƙasa da binciken laifi, kuma ta wannan ƙofa komai na iya shigewa. Lambar mota da lokaci da wuri, idan aka tara su wata shida, sun isa su nuna masallacin da mutum ke zuwa, asibitin da yake kai matarsa da taron siyasar da ya halarta.

Darasi daga maƙwabta

Abidjan ta fara cin tara ta kyamara a 2021. A shekarar ce kuma direbobin Kigali suka cika gari da ƙorafi kan kyamarorin da ke cin tararsu a wuraren da aka ƙayyade gudu ƙasa ƙwarai, har sai da Shugaba Paul Kagame ya sa baki aka sake duba lamarin. Darasin shi ne, da zarar jama'a sun ɗauki kyamara a matsayin tarkon kuɗi, ta rasa mutuncinta ko da tana ceton rai.

Abin da majalisa za ta iya yi

Ba sai an jira Accra a kan komai ba. Majalisar Tamale da maƙwabciyarta ta Sagnarigu za su iya gindaya sharuɗɗa kaɗan. A zaɓi wurin kafawa bisa alƙaluman haɗari na 'yan sanda da Asibitin Koyarwa na Tamale, a fara da ƙofar makarantu da kasuwanni, inda ƙa'ida ta ce kada a wuce kilomita 30 a awa. A sa allo kafin kowace kyamara, da zanen da ko wanda bai yi boko ba zai gane. A rubuta a jikin turken hukumar da ta mallake shi. A wallafa tsawon lokacin da ake ajiye hoto. A buɗe tebur a cikin gari inda mutum zai kai ƙorafi da harshensa, a kuma yi rangwamen canja sunan mai abin hawa kafin tara ta fara aiki.

A matsayina na malami, kullum ina ganin yara na tsallaka titi da gudu tsakanin babura, don haka ina son kyamarar ta zo. Amma sarakunan Zango, ƙungiyoyin direbobi da wakilan unguwanni a majalisa su nemi a zauna tun yanzu, domin tun ran gini ake zane. Turken da aka riga aka zuba wa siminti, da wuya a sake tambayar wa ya ba da izininsa.