Bidiyon Sassaƙa da Ba Ya Nuna Ɓarna Asarar Data Ne

Duk mai bin shafukan sana'ar hannu a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da shi: a yanka katako ƙanana, a manne su da gam su zama zobe, a jera zobe bisa zobe, a ɗora a injin juya katako, cikin daƙiƙa 60 sai ga akushi mai zane kamar tabarma. Aikin mako guda ne aka matse, kuma abin da aka datse daga bidiyon shi ne wanda yaron shago a Sabuwa ya fi buƙatar gani, wato lokacin da aikin ya ɓaci.

Dabarar ta dace da yankin. Masassaƙin gargajiya yana buƙatar gungumen kirya ko maɗaci kafin ya fitar da turmi da gizago, amma dazukan da ke tsakanin Sabuwa, Faskari da Birnin Gwari ba wurin shiga da gatari ba ne a shekarun nan. A 2021 ma gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro. Shi kuwa aikin haɗe-haɗen nan, ragowar katakon da kafinta ke bai wa mai shayi ya ishe shi.

Matsalar farko ta lissafi ce. Zobe mai yanki 12, kowane gefe ana yanka shi a digiri 15. Idan zarto ya kauce da rabin digiri, kuskuren zai maimaitu sau 24, ya zama giɓin digiri 12. Manhajar awon kusurwa ta waya ba ta kai wannan daidaito ba, ko me tallarta ta ce. Gwanaye ba sa zubar da zoben. Sukan manne shi rabi-rabi, su goge bakin kowane rabi a kan samfefa da aka shimfiɗa a allo mai lebur, sannan su haɗa biyun. Wanda bai taɓa ganin wannan ba zai cika giɓin da gam, ya ɗora a inji, ya tsaya a gabansa.

Nan ne haɗarin yake. Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi: faɗin katako a inci, a ninka shi da yawan juyin inji a minti, kada ya wuce 9,000. Akushi mai inci 12 bai kamata ya haura juyi 750 ba. Injinan da ake haɗawa a gida da mota da bel sukan zo da gudu ɗaya tak, wanda ya dace da ƙafar kujera, ba faffaɗan abu mai gaɓoɓin gam da dama ba. Idan ya tarwatse, tabarau kaɗai ba ya kare haƙori. Garkuwar fuska gaba ɗaya ake so.

Sai kuma cafka, lokacin da bakin cizal ya nutse ya yago katako. A kashe inji, a duba kowane layin gam, a ƙwanƙwasa a saurari sautin. Ƙaramar tsaga tana ɗaukar garin katako da sufa gulu. Idan ramin ya yi zurfi, a nan wannan salo ya fi akushin gungume: a yanke zoben da ya lalace, a daidaita fuskar, a manna sabo, a bar shi ya kwana. Sau da yawa zoben gyaran, idan launinsa daban ne, shi mai saye ke fara yabawa. Amma abin da ya tsage har gindi ba ya komawa kan inji, komai kwanakin da ya ci.

Masu ɗora gajeren bidiyo za su ce aikinsu jan hankali ne, kuma da gaskiyarsu, domin da yawa ta nan suka fara sha'awar sana'ar. Sai dai mai sayen data da kuɗin aikin gona ya fi cin riba idan ya sauke dogon bidiyo ɗaya mai nuna gyara, ya ajiye a memori. Mutanen Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara ba su manta da Satumbar 2021 ba, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar.

Wayar tana da wani aikin a shagon. A kafa ta a gefe, nesa da inda katako zai iya tashi, ta ɗauki hannun mai aiki a yanayin tafiyar hawainiya. In cafka ta faru, bidiyon zai nuna yadda aka riƙe cizal a daƙiƙar. Irin wannan bidiyo, da bayani da Hausa, shi ya kamata kafintocin Funtuwa da Sabuwa su riƙa ɗorawa ba tare da sun datse wurin ba.