Raddi Ga Mai Cewa Hausa Ba Ta Da Madadin "Oredi"

Wani ɗan'uwa mai sha'awar harshe ya yi rubutu yana kare kalmar "oredi" da ta cika bakin samari a Gusau, yana cewa dole ce ta sa aka are ta daga already ta Turanci. Hujjojinsa uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ya ce Hausa ba ta da kalmar da ke nuna abu ya faru tun kafin a yi magana. Muka ce, Malam, sai dai in ba ka saurari mutanenka ba. Manomin Karakkai zai ce maka "na riga na yi shuka". Direba a tashar Tsafe zai ce "tuni mota ta cika". Dattijuwa a Bungudu, in ta ga jikanta ya komo da wuri, sai ta ce "har ka dawo?" Duk wuraren nan uku Bature da already ɗaya yake fama, Bahaushe kuwa ya raba su: "riga" don gabatar aiki, "tuni" don nisan lokaci, "har" don mamaki. To wa ke da rashi?

Ya ce kalmar tana da ƙarfin da tamu ba ta da shi. Ya duba asalinta mana. Kalmomi biyu ne aka haɗa a Turancin ƙarni na 14, all da ready, ma'anarsu "a shirye tsaf", daga baya ma'anar ta zame zuwa lokaci. Babu wani sirri a ciki. Abin dariya ma, masu amfani da ita cewa suke "oredi na riga na biya". Da tana da ƙarfin, me ya kawo "riga" a bayanta?

Hujjarsa ta uku ita ce mai ɗan nauyi: ai "kullum" ma bayanau ce, kuma daga Larabcin "kulla yaumin" aka samo ta. Gaskiya ne. Amma "kullum" ta daɗe ta narke, har ana cewa "kullum-kullum" da "na kullum", kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya tarar da ita 'yar gida. Aro daga Turanci ma ba mu ƙi shi ba. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929, zamanin ya zo da tasha da tikiti da direba, muka karɓa saboda abubuwan baƙi ne. Lokacin da ya wuce kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara.

Mai son ya ce "oredi" a majalisar shayi, bakinsa ne. Amma malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo, don Allah kada ku karɓe ta a rubutu ko a labarai.